Don Cataldo da Makin Goggonsa

Duk faɗin Castelvaro, tun daga dandalin coci har gangaren da ya nufi teku, babu lasin tuƙi mai tsabtar na Don Cataldo Quaranta. Ba sai an yi bincike ba, shi da kansa yake faɗa, kuma mutum ne da ba ya gajiya da faɗin gaskiya in dai a kansa take. Shekara talatin da ɗoriya yana riƙe da sitiyari, hukuma ba ta taɓa yanke masa maki ko ƙwaya ɗaya ba. Sauran maza lasinsu a aljihun baya yake kwana, ya tanƙware, ya sha gumi. Nasa yana cikin 'yar jakar fata a aljihun ƙirji, manne da hoton waliyyin gari, har ba a san wanda yake tsare wani ba a cikin su biyun.

Sana'arsa sayar da tayil da kwanon masai, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. A allon shagonsa an rubuta "Mai Ƙawata Gidajen Manya". Shi ne shugaban kwamitin bikin waliyyi. Shi yake zaɓen masu busa, shi yake cinikin wasan wuta, shi yake kaɗa tuta a fara tseren keke, ranar zagaya gari da mutum-mutumin waliyyi kuwa shi ne daf da bayan Fada, limamin coci, rungume da kyandir mai kaurin cinya. A gaban idonsa ana ce masa Mai Farin Lasin. A bayan idonsa, Sarkin Masai. Na biyun ya taɓa shiga kunnensa a kasuwa, ya yi dariya sosai, ya tambaya da wa ake.

Motarsa baƙa ce, 'yar Jamus, doguwa, wadda in za ta shiga lungunsu sai maƙwabta sun kwashe kujeru da tukwanen fure. Kujerar direba kuwa tun da aka ƙera ta ba ta san mazaunan kowa ba sai nasa. Matarsa ba ta ma da lasin, ya ce ba ta buƙata. Ɗansa da ke aiki can arewa, in ya zo hutu, sai dai ya shafa madubi ya ja da baya. Bakanike ma a tsaye yake yi masa nuni da hannu, shi ya shigar da abarsa gareji. Wannan tsarki har a takardar inshora yake. Oronzo Spadavecchia, wakilin kamfanin inshora, wani siriri mai sanyin murya da ba ya ɗaga ido daga kan takalminsa, ya taɓa gaya masa akwai rangwame ga wanda ya yi alkawarin shi kaɗai yake tuƙa motarsa. Don Cataldo ya miƙe tsaye, ya shimfiɗa hannuwansa a kan tebur.

"Rubuta, Oronzo. Rubuta da manyan baƙaƙe. Hannu biyu ne a duniya suka san ɗumin sitiyarin nan, ga su a gabanka. Ba don rangwamenku na faɗa ba, don tarihi na faɗa."

Rangwamen dai ya karɓa.

To, ga hanyar zaitun. Duk wanda zai sauka birni daga Castelvaro sai ya bi ta, miƙaƙƙiya sambal har gada, ba rami ba gargada, ƙafa tana hawa totur tun kafin mai ƙafar ya yi shawara. A tsakiyarta hukuma ta kafa wani akwati ruwan toka mai ido ɗaya, wanda mutanen gari suka raɗa wa suna Magulmaciya. Ba ta barci, ba ta shan kofi, ba ta da ɗan'uwa a garin. Sai dai an yi ta da nakasa guda: daga baya take ɗaukar hoto. Lamba take gani, ba ta ganin fuska. Saboda haka in takardar tara ta iso, sai hukuma ta tambayi mai mota cikin ladabi wa yake tuƙi ran nan, don a san lasin da za a yanke wa maki. Da maki ashirin ake farawa. In suka ƙare, mutum ya koma ɗan koyo, ya sake zaman jarrabawa tare da sa'annin jikokinsa.

Wannan tambaya mai ladabi ita ta sa a Castelvaro ba a barin lasin tsohuwa ya mutu. Kowane gida mai hankali yana da kaka, ko goggo, ko inna, da aka ajiye wa lasin a aljihun tebur tare da carbi da maganin hawan jini. Lokacin sabuntawa ya zo, a yi mata ado, a kai ta wurin likita ta karanta baƙaƙe a bango. In ka bi ta lissafin hukuma, duk masu tsula gudu a yankinmu mata ne 'yan tamanin da wani abu, masu baƙaƙen kaya, wasunsu da sanda suke zuwa coci. Kowa ya sani. Fada ya sani. Sufeto Biagio, shugaban 'yan sandan gari, ya sani, an ma ce mahaifiyarsa ba ta da sauƙi a kan babur. Ƙa'ida ɗaya ce tak, kuma ba a rubuce take ba: ana yi, ba a faɗa.

Don Cataldo ya fi kowa kiyaye ƙa'idar, har yakan ƙara mata da wa'azi. In aka ce an yanke wa wani maki, sai ya girgiza kai a shagon kofin Sabino, ya ce, "Ni abin da ban gane ba shi ne gaggawa. Tuƙi tarbiyya ce. Wanda ya fito daga gida, ƙafarsa ma ta san ladabi. Ku dube ni." A dube shi, a koma kan kofi.

Tsohuwar gidansu ita ce Goggo Nunziata, ƙanwar mahaifinsa. Ta yi lasin tun tana amarya, lokacin da take taya mijinta kai kayan miya ƙauyuka a 'yar kurkura mai ƙafa uku. Miji ya rasu, kurkura ta ruɓe a bayan gida kaji suna ƙwai a ciki, lasin kuwa yana nan da ransa, albarkacin ɗan wanta. Ya ba ta ɗan ɗaki a saman rumbun tayil. Mutane suna yaba zumuncinsa ƙwarai, don ba ya daɗewa bai hau benen nan ya gaishe ta ba, ledar biskit a hannu ɗaya, biro a ɗayan. Takan sa tabarau, ta sa hannu, ta ce ya zauna ya sha kofi. Yakan ce ana jiransa.

A haka farin lasin ya yi ta ƙara fari, na Goggo yana ramewa, uku yau, uku wani watan. Sai ranar da aka ce sakataren Bishop zai sauka a tashar jirgin ƙasa, wani ɗan kwamiti marar kunya ya riga shi fita don ya tarbo baƙo. Don Cataldo ya tuna wane ne shugaba. Ya cim ma mutumin a hanyar zaitun, ya wuce shi kamar a tsaye yake. Magulmaciya ta ƙifta ido. Da takarda ta zo, ɗari da arba'in da takwas ta ce, a inda doka ta ce casa'in. Aka dakatar da lasin Goggo na ɗan lokaci, ba ta ma lura ba, don yana nan ƙarƙashin carbi. Amma makinta saura 'yan ƙwayoyi.

Nan hankalin Don Cataldo ya tashi. In makin Goggo suka ƙare za a kira ta jarrabawa, kuma ba mai ci ba ce. In ta faɗi, rumbun maki ya rushe, Magulmaciya ta juyo kan farin lasin kai tsaye. Ba shi da wata tsohuwar a ajiye, surukarsa tuni ƙanin matarsa ya riga shi kamawa. Mafita ɗaya ce, kwas ɗin da makarantar koyon tuƙi take yi wa masu laifi, a je a zauna a sha wa'azi na 'yan kwanaki, a mayar wa mutum wasu makin. Ya hau bene, wannan karon da biskit mai tsada.

"Goggo, abu ne mai sauƙi, na riga na tsara komai. Ki zauna a kujerar baya. Kada ki yi magana. In an tambaye ki, ki ce kin tuba. Sunan gidan Quaranta yana hannunki."

Ta ce to. Ta tambaya ko akwai mutane a wurin. Ya ce akwai. Ta ce to, a ɗauko mata baƙar rigarta ta Lahadi.

Kwas ɗin nan a garinmu na marayu ne. Ba mai zuwa sai wanda ba shi da kaka ba shi da goggo, ya ɗauki laifinsa da wuyansa. Babbansu Donato direban motar kifi, ƙato mai wuya irin na bijimi, wanda ya maimaita kwas ɗin har ya san daidai inda fim ɗin haɗari yake maƙalewa. Shi yake riƙe da kambun hanyar zaitun, don tun da aka kafa Magulmaciya ba ta taɓa rubuta wa kowa abin da ta rubuta masa ba, sai yanzu.

Malama Loredana, mai makarantar, tana da al'ada, a ranar farko kowa ya miƙe ya faɗi abin da ya kawo shi don kunya ta kama shi. Don Cataldo ya rako Goggo har ƙofa, ya koma bakin taga ya tsaya kamar mai duba waya. Ya ji wannan ya ce tsallake danja, wancan ya ce waya a kunne. Da aka zo kujerar baya, sai ya ji sanda ta daki ƙasa, Goggo ta miƙe a hankali, gaɓa bayan gaɓa.

"Ɗari da arba'in da takwas, 'yata. A hanyar zaitun."

Donato ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, ya dube ta tun daga kallabi har takalmi, ya cire hula. Shi ma ɗan gari ne, ya san motar da ta yi gudun, ya san ƙafar da ta taka. Ya leƙa taga, ya hango ƙeyar Sarkin Masai, sai murmushi ya kama shi. Cikin girmamawa ya tambayi Goggo yaya ta yi da kwanar da ke bakin gada.

Da ma tsohuwar nan ta shekara da shekaru ba wanda ya nemi komai a wurinta sai sa hannu. Ta gyara tabarau. Ta ce kwana ba tsoronta ake ji ba, rarrashinta ake yi. Ta ce hannu ɗaya ne ma a sitiyari, ɗayan yana dafe da tukunyar taliya da za ta kai wa wata marar lafiya, kuma ko ɗigon miya bai zuba ba. Kashegari tukunya ta zama biyu. Kafin kwas ya ƙare an samu kare da ya gitta, an samu ruwan sama, an samu carbi da ta ja har ƙarshe kafin ta kai gada. Malama Loredana ta yi ta ƙoƙarin dawo da aji kan maganar birki, daga baya ta haƙura, ta jawo kujera ita ma. Ranar sallama marayu suka yi karo-karo, suka saya wa Goggo safar hannu ta fata irin ta 'yan tsere, suka rako ta har dandali.

Makin dai sun dawo. Ya kamata Don Cataldo ya yi murna. Ya gwada, ta ƙi zama.

Gari ya ɗauka. Goggo, da ba ta saukowa sai Lahadi, yanzu kullum tana shagon Sabino, a teburin gaba, kofi kyauta. An raɗa mata Walƙiya. Direban bas yana danna mata hon. Mahauci yana ƙara mata tsoka, ya ce mai gudu tana son ƙarfi. Fada, a wa'azin Lahadi, ya ce akwai waɗanda suke gaggawar saduwa da Mahaliccinsu, ya dubi layin tsofaffi, coci ta ɗauki dariya, Goggo ta ɗaga safar hannu ta amsa. Kowa ya san gaskiya, sanin ne ma ya sa abin ya yi daɗi, don duk yabon da aka jefa mata, da gefen ido ake kallon inda zai sauka.

A ƙirjin Don Cataldo yake sauka. Gudun nan nasa ne. Ƙafarsa ce, gumin tafin hannunsa ne, shi ya ji iska tana kuka a jikin gilashi, shi ya ga itatuwan zaitun sun haɗe sun zama katanga. A duk rayuwarsa ta tayil da masai, abu ɗaya ya taɓa yi wanda babu namijin da ya yi a Castelvaro, ga shi an rataya wa tsohuwa a wuya. Ya kwanta da abin, ya tashi da shi. Taliya ta daina yi masa daɗi.

Ya hau bene ba biskit. Ya ce mata wasan ya isa haka, ta koma ɗaki ta yi zamanta irin na da. Ta ce ai shi ya ce sunan gida yana hannunta, ta kuwa ɗaga shi, ko bai ji ana faɗin Quaranta har a garuruwan gefe ba? Ya ja kujera zai zauna su yi magana a tsanake, ya ce ko kofi ne a ba shi. Ta ɗauki sandarta ta ce ya yi haƙuri, ana jiranta.

Sai ya fara neman rabonsa ta gefe. Ya tsaya a tsakiyar shagon Sabino, babban yatsa a aljihun falmaran, ya ce ba abin mamaki ba ne, jini ne, 'yan gidan Quaranta da wuta a ƙafa ake haihuwarsu. Donato ya yarda nan take. Ya ce tabbas jini ne, sai dai jini yakan tsallake wani, kuma gara haka, kowane gida yana buƙatar mai natsuwa wanda zai riƙa bin bayan tarakta. Wani ya ce ai shi ya sa ake ce masa Mai Farin Lasin. Sunan da ya yi shekaru yana gogewa yana shafa wa mai, ran nan ya ji shi a kunne kamar an ce matsoraci.

Wata rana ya ce shi ya koya mata. Sabino ya tuna masa lokacin da take tuƙa kurkura shi yana baya cikin kwandon tumatir yana tsotsar yatsa. Wata rana kuma ya ce, a matsayinsa na mai sanin doka, ya kamata su sani hukuma tana rage wani abu daga abin da na'ura ta gani kafin ta rubuta, saboda haka ainihin gudun ya fi haka. Suka yi tafi, suka ce ashe Walƙiya ta wuce yadda ake zato, aka ƙaro mata kofi. Sannan kwamitin biki, nasa na kansa, ya kawo shawarar bana Goggo ta kaɗa tutar tseren keke, tunda ita ta san gudu. Aka ce mai goyon baya ya ɗaga hannu. Hannu biyu ne kawai ba su tashi ba, waɗanda suka san ɗumin sitiyari.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci shagon ya cika. Goggo tana teburin gaba, Donato a damanta. Sufeto Biagio yana kusurwa, ya ɓuya a bayan jaridar wasanni kamar kullum. Don Cataldo yana tsaye a bakin kantar shagon yana juya sukari. Sai Oronzo mai inshora ya raɓo gefensa, yana kallon takalminsa, ya ce lokacin sabunta inshora ya yi, kuma akwai 'yar magana. Kamfani ya yi masa rangwame a kan shi kaɗai yake tuƙi. Yanzu kuwa gari duka, har da Fada a gaban jama'a, yana cewa wata ce take tuƙa motar. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, kamfani zai ce an yi masa ƙarya, ya janye jiki.

Oronzo ba mugu ba ne. Mafita ya kawo, har da shimfiɗa ya yi mata. Ya rage murya ya ce, "Ranka ya daɗe, kalma ɗaya ce. Ka ce Goggo takan ɗauka jefi-jefi. In ƙara sunanta, a cire rangwame, shi ke nan. Haka kowa ya yi."

Haka kuwa kowa ya yi, Don Cataldo ma ya sani. Ya buɗe baki, kalmar har ta hau kan harshe, sai Donato, da ba abin da yake wuce kunnensa, ya ce da ƙarfi ai gara a rubuta gaskiya, motar ta Walƙiya ce, Don Cataldo ajiya aka ba shi. Goggo ta kurɓi kofi, ta ajiye kofin a hankali, ta dubi Oronzo.

"Rubuta shi shi ma, ɗana, kada ka cire shi. Yaron yana ƙoƙari. Yana wanke min ita tas."

Cokali ya suɓuce daga hannun Don Cataldo. Ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ja falmaran ƙasa, ya ɗauko muryar da yake buɗe biki da ita.

"Jama'ar Castelvaro, na yi haƙuri har haƙuri ya gaji da ni. Matar nan rabonta da sitiyari tun ina cikin kwandon tumatir. Ba ta san ramin da ake sa makullin motata ba. Wace tukunya? Wane kare? Ni ne. Ni na taka. Kuma ba ɗari da arba'in da takwas ba ne, ɗari da hamsin da shida ne, da idona na ga allura. Wannan da duk na baya, ni ne, ni Cataldo Quaranta."

Ba a taɓa jin shiru irin wannan a shagon Sabino ba. An faɗa. Abin da gari duka ya haɗu ya riƙe a ciki, ga shi an zazzage a kan kanta. Sufeto Biagio ya nutse a bayan jarida har hularsa ta ɓace. Ya yi tari. Sabino, don taimako, ya kunna injin niƙa kofi ba kofi a ciki. Sufeto ya naɗe jarida, ya miƙe, ya nufi ƙofa yana cewa ya tuna ya bar abu a kan wuta. Mutumin kirki ne, yana da uwa, kuma bai ji komai ba. Saura ƙiris ya fita Don Cataldo ya cafke hannun rigarsa.

"Sufeto, tsaya. Kai hukuma ne, bakinka ya fi na kowa. Ka ji da kunnenka ko ba ka ji ba? Gaya musu wa ya yi gudun nan."

Sufeto ya dubi rufi, ya dubi ƙofa, ya dubi idanun da suka yi masa caa. Ya sauke numfashi, ya ce yanzu kam ya ji.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa, amma a faɗa. Duk makin da aka yi shekaru ana yanke wa Goggo aka tattaro aka dawo da su kan mai su, farin lasin bai iya ɗauka ba. Aka zare shi daga jakar fata, aka bar waliyyi shi kaɗai. Maganar yi wa hukuma ƙarya ta tafi gaban alƙali, lauyansa ya roƙe shi da ya daina jawabi. Kamfanin inshora ya gode masa ƙwarai, tunda ta tabbata shi kaɗai yake tuƙi, sannan ya mayar da shi layin masu tuƙin ganganci. Kwas ɗin Malama Loredana ma an ce ya yi masa kaɗan, sai jarrabawa. Kwamitin biki ya ce ya ɗan huta. Maza kuwa suka yi kwanaki suna rarrafe a hanyar zaitun don tsoron kada bincike ya kai kan kakanninsu, wannan ne gari bai yafe masa da wuri ba.

Duk da haka Don Cataldo ya fito dandali ƙirji a gaba. An karɓe lasin, to, amma kambu ya dawo gida. Ya shiga shagon Sabino yana jiran a cire masa hula.

An kuwa cire. Donato ya miƙe, ya rungume shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya ce jama'a su dubi ɗan halak. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin zumunci irin wannan ba, mutum ya ga lasin goggonsa cikin haɗari, ya miƙe a gaban hukuma ya ɗora wa kansa laifin da ko a mafarki ba zai iya aikatawa ba. Kowa ya ce haka yake, Allah ya ba mu 'ya'ya irinsa. Don Cataldo ya rantse da waliyyi shi ne. Suka ce ku ji tawali'u. Sabuwar lambar gudun dai, ɗari da hamsin da shida, suka karɓa, suka ƙara wa Walƙiya.

Ga kotu a birni, ga lauya a birni, ga dillalan tayil a birni, bas kuwa bai dace da Mai Ƙawata Gidajen Manya ba. Mata ba lasin, ɗa yana arewa. A duk gidan Quaranta lasin ɗaya ya rage, cike fal da maki. Oronzo ya ƙara sunan Goggo a takarda, bai ɗaga ido ba.

Ranar zuwa kotu aka ɗora matasan kai biyu a kujerar direba, Goggo ta hau, ta sa safar hannu. Mota ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa, ta fita lungu da tukunyar furen maƙwabta a gaba. A hanyar zaitun Goggo ta sa giya ta biyu, ta ga ya wadatar. Wani mai keke ya wuce su, ya gaishe su, har ya tambayi jiki. Magulmaciya ta daɗe tana kallonsu suna wucewa, ba ta ga abin faɗa ba. Don Cataldo yana gefe, ya ja hula har kan hanci, layin motoci a bayansu ya kai dandali.

Donato ya jero da motar kifi, ya sauke gilashi.

"Walƙiya, yau lafiya? A ɗan taka mana mu gani."

Goggo ba ta ɗauke ido daga hanya ba. Ta nuna kujerar gefe da haɓa.

"Da na taka, ɗana. Yaron ne ba ya son gudu. Zuciyarsa tashi take yi."